Daidai Ruwa Daidai Tsaki: A Ƙirga Hannaye Kafin a Rubuta Kalandar Ikilisiya

 Maganarmu ta yau ta cikin majami'a ce. Ta fi shafar fastoci da dattawan ikilisiya da shugabannin ƙungiyoyi, musamman masu zaman tsara ayyukan shekara mai zuwa. Sai dai duk wanda ya taɓa jan ragamar wata ƙungiya da ba a biyan kowa ko sisi a cikinta, ta unguwa ce ko ta iyayen yara a makaranta ko kwamitin masallaci, zai ji kamar da shi ake.

Mu leƙa majami'a ran Lahadi, lokacin sanarwa. An yi waƙoƙi, an karɓi baiko, magatakarda ya miƙe da littafinsa. Litinin da yamma Zumuntar Matasa. Talata Zumuntar Mata. Laraba addu'ar tsakiyar mako. Alhamis 'yan kwaya za su koyi waƙa, 'yan Sabon Rai su ma suna da nasu zaman. Juma'a nazarin Littafi Mai Tsarki, in ƙarshen wata ne kuma a kwana ana addu'a. Asabar da safe 'yan birged maza da mata suna da fareti, da rana ajin masu shirin baftisma, da yamma sharar majami'a. Kullum da asuba addu'ar safe tana nan. Daga nan sai ya ce kwamitin gini ya tsaya bayan sujada, kwamitin bikin godiya ya tsaya, kwamitin ziyarar marasa lafiya shi ma ya tsaya. An sa albarka, jama'a sun watse, sai ka ga mutum shida ne suka rage a bencin gaba. Su ne kwamitin gini, su ne na godiya, su ne na ziyara. Ba damar su rabu kusurwa uku, dole a yi tarukan ɗaya bayan ɗaya, har ƙarfe biyu na rana ba wanda ya sa komai a bakinsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ayyukan da muka jera sun fi hannayen da muke da su yawa, domin mun saba rubuta kalandar shekara tukuna, daga baya mu shiga neman wanda zai ɗauka. Ni a ganina juya abin ya kamata a yi. A fara ƙirga mutanen da ke nan da lokacin da suke da shi, sannan a yanka aikin da zai yi musu daidai. Bahaushe ya gama magana tun da ya ce daidai ruwa daidai tsaki.

Bari mu yi lissafi na misali, kowa ya sa alƙaluman majami'arsa a gurbin nawa. A ce majami'a ce mai tara mutum 150 ran Lahadi. A ce 70 daga ciki yara ne, saura 80. Cire tsofaffin da ƙarfi ya ƙare musu, da marasa lafiya, da masu jego, da baƙin da suka zo yau kawai, a ce 25, saura 55. Cire ɗaliban da sai lokacin hutu ake ganinsu, da masu aikin dare irin su nas da ɗan sanda da mai gadi, da direban da kullum yana kan hanya, a ce 20, saura 35. A cikin 35 ɗin nan, waɗanda za su ce to, kuma ranar aiki a gan su, da ƙyar su kai 20. Yanzu ƙirga ƙungiyoyi da kwamitoci. A ce 14 ne, kowanne yana son shugaba da mataimaki da magatakarda da ma'aji. Kujeru 56 ke nan ga mutum 20. Kowa na riƙe da kusan uku, kuma ba mu ƙirga malaman makarantar Lahadi da masu tarbar baƙi da masu kula da na'urar magana ba tukuna.

Ta yaya aka kai nan? Ba wanda ya zauna rana ɗaya ya ɗaura wa ikilisiya wannan kaya. Sannu a hankali ya taru, kuma kowane aiki da dalilinsa mai kyau ranar da aka soma shi. Makarantar Lahadi ta yi suna ne a hannun Robert Raikes, mai gidan jarida a garin Gulosta na Ingila, wajen shekarar 1780, saboda yaran talakawa suna aikin ƙarfi kwana shida a mako, ran Lahadi kaɗai ke gare su ta koyon karatu. Boys' Brigade, William Alexander Smith ne ya kafa ta a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan a 1883. Shi ma malamin makarantar Lahadi ne da samari suka gagare shi a aji, sai ya gwada musu fareti da horo, abin ya karɓu, har ƙungiyar ta iso Legas a 1908. A nan Arewa, Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, kuma zumuntar mata ta zama wurin da mata da yawa suka koyi karanta shi, suka kuma tsaya wa juna ranar haihuwa da ranar rashi. Sabon Rai Don Kowa ta taso a farkon shekarun 1960 da nufin kowane mai bi ya zama mai shaida, kada a bar wa fasto da ɗan bishara aikin su kaɗai.

Duk waɗannan abubuwa ne masu albarka, ba mai musu. Abin da ya faru shi ne mun iya buɗewa, amma ba mu koyi rufewa ba. Kowane zamani ya ƙara nasa a kan na baya, ba a taɓa sauke ko ɗaya ba.

Akwai kuma kalandar da ke saukowa daga sama. Manyan ikilisiyoyinmu irin su ECWA da COCIN da EYN suna da tsari mai hawa-hawa, daga majami'ar ƙauye zuwa majalisar yanki, zuwa gunduma, har hedikwata. Tsari ne mai kyau, shi ne ke sa mai bi ya bar Biu ya je Kafanchan ya tarar da gida. To amma makon mata da makon maza da makon matasa da makon yara da makon bishara, takarda ɗaya ce ke kai su majami'ar Jos mai sujada uku ran Lahadi, ita ce kuma ke kai su majami'ar wani ƙauye a ƙasar Katsina ko Kano mai mutum 40 har da goyo. Babbar majami'a za ta raba aikin ga mutane daban-daban. Ƙaramar kuwa, waɗanda suka gama makon mata su ne za su dafa abincin makon matasa, su ne kuma za su fita bishara mako na gaba.

Sai gasa. An buɗe sabuwar majami'a a bayan layi, da kayan kiɗa da addu'ar dare kowace Juma'a, dattawa suka tsorata kada samari su gudu, sai mu ma muka ƙara namu, ba tare da tambayar wa zai riƙa kwana ba. Sai kunya. Ba dattijon da ke son a ce a hannunsa abu kaza ya mutu. Sai canjin wurin aiki. Sabon fasto ya zo da shirin da ya yi masa kyau a inda ya baro, ya dasa shi, bayan wasu shekaru aka ɗauke shi, shirin ya zauna, wanda ya gaje shi ya kawo nasa ya ɗora. Sai kuma ɗan bautar ƙasa. Tun da aka kafa tsarin a 1973, shekara ɗaya ce tak. Yaro mai himma ya zo ƙauye, ya iya piyano, ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, ya buɗe darasin yamma ga masu shirin jarrabawa. Kowa ya ji daɗi. Wa'adinsa ya cika ya ɗauki jakarsa, amma sunan ƙungiyar yana nan cikin littafin sanarwa, ana ta neman wanda za a rataya wa.

Yayin da jerin ayyuka ke ƙaruwa, hannayen kuwa raguwa suke yi, kuma ba lallai don mutane sun daina ƙaunar Allah ba. Rayuwar ce ta canza. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, a farashin hukuma lita ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta kai wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. Mafi ƙanƙantar albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ka ce wa mai irin wannan albashi, da ke zaune a Maraba ko Gonin Gora, ya zo majami'a sau biyar a mako, ka san kuɗin keke napep na zuwa da dawowa kake nema daga bakin 'ya'yansa. Matan da a da suke gida da yamma, yau suna bakin tebur a kasuwa ko suna ofis, domin samun mutum ɗaya ba ya riƙe gida. A karkara, da an gama kaka samari sun tafi ci-rani, wasu Abuja, wasu Legas, wasu wurin haƙar ma'adinai. Da damina kuwa suna gida, amma suna gona daga asuba har rana ta faɗi.

Ga kuma rashin tsaro. A watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci, majami'u masu yawa a Borno da Adamawa da Yobe suka watse. Da aka fara komawa, ba kowa ya koma ba. Irin haka ya sami ƙauyuka a Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai. Majami'ar da rabin mutanenta ke sansanin gudun hijira ko suka zauna birni, ba adalci ba ne a auna ta da jerin ayyukan da take yi kafin masifa. Ko a ƙasashen waje ana fama da wannan ciwo. Wani bincike a Amurka mai suna Faith Communities Today ya nuna cewa a shekarar 2000 wurin ibada mai matsakaicin girma yana tara mutum 137 a mako, zuwa 2020 ya dawo 65. Su can bencina ne suka zama fayau. Mu a nan sau da yawa bencin cike yake, cikar ce ma ke ruɗin mu, domin ido na ganin taro, ba ya ganin nawa ne a ciki za su iya ɗaukar aiki.

To wa ke biyan kuɗin wannan ruɗi? Ku dubi matar nan da kowace majami'a ke da irinta. Ita ce ma'ajin Zumuntar Mata. Tana cikin kwaya. In aka yi rasuwa ita ce a kan tukunya. In baƙi za su zo daga gunduma, kulolin gidanta za a ɗauko. Tana da ɗan shagonta, kuma duk yammar da ta rufe shi ta tafi majami'a, cinikin ranar ya wuce. Takan dawo gida ƙarfe takwas, yara sun yi barci ba wanda ya duba musu aikin makaranta, maigida ya ci abinci da sanyi yana ƙunƙuni. In sabon aiki ya taso, fasto ya waiga ya ce, “Mama, ai sai ke.” Ta sunkuyar da kai ta ce, “To, Baba, Allah ya ba da iko.” Ba za ta taɓa cewa a'a ba, tarbiyyarta ba ta ba ta wannan ba. Ranar da ta gaji kuma ba za ta sanar ba. Za ta fara zuwa a makare, sai ta fara cewa tana da tafiya, wata rana sai a ji ta koma wata babbar majami'a a cikin gari inda ba wanda ya san sunanta, tana zama a bencin baya. Mu kuma mu ce ta yi sanyi, mu sa ta cikin addu'a a matsayin wadda ta ja da baya, alhali mu muka cinye ta.

Ku dubi kuma makarantar Lahadi. Malama ɗaya, yara 70 a gindin bishiya ko a baranda, daga mai shekara uku har mai goma sha uku. Rabin lokacin ya tafi wajen cewa a yi shiru. In ƙaramin ya ce zai zaga, ko ta bar shi ya tafi shi kaɗai, ko ta bi shi ta bar sauran. Babban yaro ba ya jin komai sabo, ƙarami ba ya gane komai. Ita kanta malamar ta manta rabonta da jin wa'azi, domin ajin yana tafiya ne lokaci ɗaya da sujada kuma ba mai canjinta. A wannan lokacin, cikin majami'a ƙungiyoyin waƙa uku ko huɗu ne ke jiran layi su hau gaba. Ina ganin nan ne rashin lissafinmu ya fi fitowa fili. Aikin da ya fi kowanne nauyi, wanda hankali ma ya ce kada a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara, don tsaron yaran da kuma kare mutuncin malamin, shi ne muka bar wa mutum guda.

Kada mu manta da matar fasto. Duk gurbin da aka rasa mai cikewa, kanta yake faɗawa, ko tana da baiwar abin ko ba ta da ita, kuma ba a taɓa tambayarta ba.

Na san abin da wani dattijo ke faɗa yanzu. Zai ce, “Malam, wannan lissafin duniya ne. Aikin Ubangiji ne, shi zai tanada. Rage aiki rashin bangaskiya ne.” Baba, ina girmama wannan magana, domin da irin wannan zuciya aka kafa majami'un da muke ciki. Amma mu duba Littafin da muka dogara a kai. A Fitowa sura 18, Musa yana zama shari'a tun safe har yamma, jama'a na tsaye suna jira. Surukinsa Yetro ya ga abin, bai yaba masa ba. Ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'a, ya ba shi shawarar naɗa shugabanni a kan dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma. Lissafi ne zalla, kuma Musa ya karɓa. A Ayyukan Manzanni sura 6, an yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Manzanni goma sha biyu ba su ƙara wa kansu aikin ba. Sun faɗi abin da ke nasu, addu'a da hidimar Maganar Allah, suka ce a zaɓo mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas da Filibus. Sai da aka sami mutanen sannan aka danƙa aikin.

Yesu da kansa, a Luka sura 14, ya ba da misalin mai ginin da bai zauna ya yi lissafi ba, ya kafa harsashi ya kasa ƙarasawa, ya zama abin dariya. A sura 10 kuma, inda ya yi maganar ƙarancin masu girbi, wurin da muke yawan jawowa in za mu ɗora wa mutum aiki na huɗu, umarnin da ya bayar na roƙon ƙarin ma'aikata ne, kuma waɗanda ya aika biyu-biyu ya aike su. A Markus sura 6, da ya ga almajirai ba su da ko sukunin cin abinci, janye su ya yi gefe su huta. Saboda haka ƙirga hannaye ba ya rage bangaskiya. Riƙon amana ne, domin mutanen nan su ma amana ce a hannun shugabanni, fiye ma da kuɗin baiko da muke ƙirgawa a gaban shaidu kowace Lahadi.

To me za a yi? Na farko, a zauna da takarda a rubuta sunaye. Kada a ce muna da matasa da yawa, a rubuta wane da wance. A gaban kowane suna a sa aikin da yake riƙe da shi yanzu, da yammaci nawa yake bayarwa a mako, da watannin da ba ya gari. Wannan takarda kaɗai za ta ba dattawa mamaki, domin za su ga suna ɗaya ya fito sau biyar, wani kuma shekara goma yana majami'a bai fito ko sau ɗaya ba.

Na biyu, a jera ayyuka bisa nauyinsu. Akwai waɗanda in babu su babu ikilisiya: sujada, koyar da Maganar Allah, tarbiyyar yara, kula da marasa lafiya da gwauraye da marayu, da shaida ga na waje. A fara cika waɗannan da isassun mutane, har da masu canji, yadda malamar makarantar Lahadi za ta koyar mako biyu ta zauna sujada mako biyu. Hannun da ya rage shi za a raba wa sauran. In bai kai ba, to bai kai ba.

Na uku, abin da bai sami hannu ba, akwai hanyoyi kafin a kai ga rufewa. Ana iya haɗewa. Addu'ar tsakiyar mako da nazarin Littafi Mai Tsarki su zama zama ɗaya ran Laraba, kuɗin mota ɗaya. Kwamitoci uku da mutanensu ɗaya ne su zama kwamiti ɗaya mai ajanda uku. Ba abin kunya ba ne. Girls' Brigade da muke alfahari da ita, ƙungiyoyi uku ne na Ayalan da Sikotilan da Ingila suka haɗe a tsakiyar shekarun 1960 suka zama ita. Ana iya rage yawan zama, abin mako-mako ya koma wata-wata. Ana iya bin yanayi, majami'ar karkara ta sassauta tarukan yamma da damina, ta kai manyan ayyukanta bayan kaka kafin 'yan ci-rani su tashi. Ana iya haɗa kai da maƙwabta, ƙananan majami'u uku su riƙe rukunin birged ɗaya ko ajin baftisma ɗaya. Iyayenmu sun yi haka a babban mataki. Kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, wadda ta fara karatu a 1959, ikilisiyoyi da dama ne suka haɗa ƙarfi suka kafa ta, domin ba wadda ke da malaman da za ta riƙe irinta ita kaɗai a lokacin.

Na huɗu, a kafa ƙa'ida ga sabon shiri. Duk wanda ya zo da shawara mai kyau, a yi masa godiya, sannan a tambaye shi su wa za su riƙe ta. Ya kawo sunan mutum biyu ko uku da suka amince da bakinsu, waɗanda ba su riga sun yi nauyi ba, kuma a sa wa shirin wa'adi, a ce bayan shekara za a sake dubawa. Haka ma muƙamai. Mutum ya san in ya karɓa na shekara biyu ne, zai fi saurin cewa to fiye da in ya san sai mutuwa ko ƙaura za ta raba shi da kujerar.

In kuwa ya tabbata sai an rufe wani abu, a rufe shi da mutunci. Kada a bar shi ya mutu a tsaye, ana sanar da taro mutum biyu na zuwa suna jin kunya. A kira waɗanda suka kafa shi da waɗanda suka riƙe shi, a gode musu a gaban jama'a, a faɗi alherin da ya kawo, a rubuta a littafin ikilisiya, a miƙa kuɗinsa da kayansa ga ma'aji a fili. A gaya wa jama'a gaskiya: a yanzu ba mu da masu riƙe wannan, mun ajiye shi, ranar da Allah ya tayar da su ƙofa a buɗe take. Yawancin rigimar da ke biyo bayan rufe wani shiri, ba rufewar ke jawo ta ba, jin cewa an watsar da wahalar mutum ba ko na gode shi ke jawo ta.

Akwai wani gefen maganar da ba zan tsallake ba. Wani lokaci hannayen suna nan, mu ne ba mu nema ba, ko muka hana. Sanarwa daga bagade cewa ana bukatar masu taimako ba ta cika kawo kowa ba, domin kowa na zaton da wani ake. Amma in dattijo ya taka har gida ya ce, “Ɗana, na ga yadda kake da yara, za ka iya ba mu Lahadi biyu a wata?” da wuya a ƙi shi. Akwai malamin makaranta da ya yi ritaya yana zaune, akwai budurwar da ta gama karatun akanta tana jiran aiki, akwai wanda ya zo gari bara ba wanda ya tambaye shi abin da ya iya. Akwai kuma, mu faɗi gaskiya, masu kukan gajiya da ba sa son sakin kujera, in yaro ya taɓa aikin su ce bai iya ba. Wanda ya ƙi koya wa na bayansa, shi ya jawo wa kansa rabin gajiyarsa. Kai kuma mai zuwa ran Lahadi ka zauna ka tashi, ba a ce ka ɗauki biyar ba. Ɗauki ɗaya, ka riƙe shi da gaskiya.

Ga shugabanninmu na gunduma da hedikwata, roƙo biyu. Ku ba ƙananan majami'u sarari a kalanda, ku nuna musu abin da yake dole da abin da za su iya haɗewa ko su ɗaga, kada fasto ya ji tsoron cewa za a ga gazawarsa in bai yi duka ba. Sannan a takardar rahoton shekara, bayan tambayar ƙungiyoyi nawa ne da ku, a ƙara tambayar mutum nawa ne ke riƙe da su, da sabbin ma'aikata nawa aka horar bana. Abin da shugaba ke tambaya, shi na ƙasa ke kula da shi.

Saboda haka, dattawa, in kun zauna taron tsara shekara, kada kalandar bara ta zama takardar farko da za a buɗe. A fara da rajistar membobi. A karanta sunaye ɗaya-ɗaya, a san wa ke nan, wa ya tafi, wa ya gaji, wa ba a taɓa tambaya ba. Aiki biyar da aka riƙe da kyau, masu yin su suna da lafiya gidajensu kuma na zaman lafiya, sun fi goma sha biyar da ake ja da ƙyar.